Fumbot: garin da ke ciyar da Duwala da Libreville, amma farashin amfaninsa a hannun wasu yake

Wanda ya sayi tumatir a kasuwar Sandaga ta Duwala, ko a Mfundi ta Yawunde, ko ma a Mont-Bouët ta birnin Libreville, da wuya ya tambayi inda aka tsinko shi. Da zai tambaya, sau da yawa amsar ita ce Fumbot, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke zagaye da shi. Garin yana cikin gundumar Nun ta jihar Yammacin Kamaru, kimanin kilomita 25 daga Bafusam, a kan titin da ya ratsa Fumban ya nufi Banyo da Tibati. Ba hedkwatar jiha ba ne, ba ma hedkwatar gunduma ba. Duk da haka daga kasuwarsa manyan motoci ke tashi maƙare da tumatir, tattasai, kabeji, wake, masara da kankana, wasu su sauka Duwala, wasu su miƙe kudu har iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini.

Rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoban 2025, wanda hukumomi suka ce Paul Biya ya lashe da kashi 53.66 cikin ɗari, Issa Tchiroma Bakary kuma ya ce shi ya ci, ya sake tuna wa mazauna birane yawan dogaronsu ga tsaunukan Yamma. Kwanakin zanga-zanga da kiran zaman gida sun hana motoci zirga-zirga, kayan miya suka yi tsada a birni. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda irin wannan tsaiko ke zuwa wa mutumin da ke ɗaya ƙarshen hanyar. Ranar da mota ba ta zo ba, farashi yakan hau a Duwala ya faɗi a bakin gona, domin nunannen tumatir ba ya jiran a gama siyasa. Mai saye a birni yana iya rage miya na mako guda. Manomin da ya ci bashin taki asarar wata uku ko huɗu yake yi.

Ƙasar da aman wuta ya bari

Arzikin Fumbot daga ƙasarsa ya fara. Yankin yana sama da mita 1,000 daga doron teku, a gindin dutsen Mbapit mai tsayin kusan mita 2,000, kuma baƙar ƙasar da ake nomawa a can toka ce da tsakuwar da tsaunuka masu aman wuta suka zubar tun zamanin da. Damina tana farawa wajen watan Maris ta kai Oktoba ko Nuwamba, da rani kuma fadamun kogin Nun da rafukansa na riƙe ruwa, saboda haka ana iya shuka fiye da sau ɗaya a shekara. Sanyin tudu yana ba da damar noma kayan lambun da ba sa jure zafi da ɗumin bakin teku. Gundumar Nun ita kaɗai ta fi rabin faɗin jihar Yamma, kuma ba ta da cunkoson mutane irin na ƙasar Bamileke da ke tsallaken kogi, inda kowane taku na ƙasa yake da mai shi.

Wannan ƙasa tana da nata haɗari. A daren 15 ga Agustan 1984 tafkin Monun, wanda ba shi da nisa da Fumbot, ya fitar da iskar da ta kashe mutane 37, shekara biyu kafin bala'in tafkin Nyos da duniya ta fi sani. Mutanen yankin ba su bar gonakinsu saboda haka ba.

Daga kofi zuwa tumatir

Dattawan Nun ba da tumatir suka tashi ba, da kofi suka tashi. A zamanin mulkin Faransa, musamman daga shekarun 1930, Turawa sun buɗe manyan gonakin kofi a kewayen Fumbot, hukuma kuma ta riƙa tsallako da iyalan Bamileke zuwa gaɓar hagu ta kogin Nun domin su yi aiki su kuma zauna. Hakan ya zo daidai da lokacin da aka karya ikon Sarki Njoya na Bamun, wanda aka kai Yawunde a 1931 ya rasu can a 1933. Bayan 'yancin kai kofi ya zama abin da ke biyan kuɗin makaranta da kwanon rufi. Akwai ƙungiyar gama-kai ta UCCAO da reshenta na Nun, CAPLANOUN, masu sayen amfani su kuma kawo taki. Akwai hukumar gwamnati ta ONCPB mai yanke farashi tun kafin kaka. Manomi ya san abin da zai samu, ko da kaɗan ne, ko da an jinkirta biyansa.

Tsarin ya rushe cikin 'yan shekaru. A watan Yulin 1989 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai ƙayyade yawan kofin da kowace ƙasa ke fitarwa ta wargaje, farashi ya faɗi warwas. Gwamnati, ƙarƙashin matsin masu ba da bashi, ta rushe ONCPB a farkon shekarun 1990 ta janye tallafin taki. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi. Manoma suka fara tumɓuke itatuwan kofi suna zuba kayan lambu, waɗanda ke kawo kuɗi cikin wata uku maimakon jiran shekara.

Dabara ce mai kyau, kuma ita ta ceci gidaje da yawa. Sai dai ta sauya wanda ke ɗauke da kasada. Buhun kofi ana iya jingine shi a ɗaki wata shida ana jiran farashi. Kwandon tumatir, wanda a can ake kira kajo, kwana biyu ko uku ne tsakaninsa da juji. Tun daga lokacin babu hukumar da ke yanke farashi, babu rumbun ajiya, babu inshora. Abin da ya rage shi ne manomi da dillali da direba, da kuma hanyar da ba ɗayansu ke da iko da ita ba.

Kasuwar da ke bayan iyaka

Duwala da Yawunde kowanne yana kusan kilomita 300 daga Fumbot. Kasuwar da ta fi tsoka kuwa tana can gaba, a Kye-Ossi da Abang-Minko, inda Kamaru ta haɗa iyaka da Gabon da Ikwatoriyal Gini, ƙasashe biyu masu man fetur da ke sayen mafi yawan abincinsu daga waje. 'Yan kasuwar Bamun sun yi kaka-gida a Kye-Ossi har ya zama kamar wata unguwar Fumban. A takarda, ƙasashen CEMAC sun amince da walwalar jama'a tun ƙarshen 2017. A zahiri, Ikwatoriyal Gini ta sha rufe iyakarta ba tare da dogon bayani ba, kuma tsakanin Nun da kudu akwai shingayen 'yan sanda, jandarmomi, duwan, ma'auni da kuɗin hanya, waɗanda ƙungiyoyin direbobi suka daɗe suna kuka da su. Ga mai dakon siminti shinge asarar kuɗi ce kawai. Ga mai dakon tumatir kowace awa da aka ɓata a rana tana rage darajar kayan, kuma mai tsaron shingen ya san da haka.

Shekarar 2020 ta nuna zurfin ramin. Da aka rufe iyakoki a watan Maris saboda cutar korona, masu saye daga Gabon da Malabo da Najeriya suka daina zuwa, amfanin da aka shuka domin ƙasashe huɗu ya taru a kasuwar ƙasa ɗaya. Farashin kwando ya faɗi har wasu manoma suka ga ko kuɗin tsinka da na mota ba zai fita ba, suka bar tumatir ya ruɓe a gona. Shekara huɗu kafin nan akasin haka aka gani: a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina, 'yan kasuwar Najeriya sun tsallako Kamaru neman tumatir ko nawa ne. Manomin Fumbot bai yi wani abu daban ba a shekarun biyu. A ɗaya ya samu, a ɗaya ya tsiyace, kuma duka biyun an yanke su ne a wuraren da bai taɓa zuwa ba.

Yanzu ƙofofin biyu duk suna ƙara ƙunci. Tun da Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023 darajarta ta zube a gaban sefa, kayan Kamaru suka yi wa ɗan kasuwar Najeriya tsada. A kudu kuma, Gabon ƙarƙashin Brice Oligui Nguema, wanda ya karɓi mulki a juyin 30 ga Agustan 2023 aka kuma zaɓe shi a watan Afrilun 2025, ta ɗauki maganar ciyar da kanta a matsayin babbar manufa. Ta sanar da hana shigo da kajin gidan gona daga 1 ga Janairun 2027, a watan Agustan 2025 kuma ta keɓe wasu ƙananan sana'o'i, ciki har da ƙaramin kasuwanci na unguwa, ga 'yan ƙasa kaɗai. Tumatir ba ya cikin abin da aka hana, kuma Gabon ba za ta samu ƙasar Mbapit da doka ba. Amma yawancin masu kasa kayan lambu a kasuwannin Libreville baƙi ne, 'yan Kamaru da 'yan Afirka ta Yamma. In aka takura musu, igiyar da ta taso daga gonar Fumbot ce ake ja.

Kuɗin noma ya hau, kuɗin amfani na rawa

A ɓangaren kashe kuɗi babu rawa, hawa ne kawai. Kafin watan Fabrairun 2023 litar gazuwal sefa 575 ce, ta fetur 630. A wancan watan suka koma 720 da 730, a Fabrairun 2024 kuma suka kai 828 da 840. Gazuwal ke nan ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari a shekara guda. Da man ake tada injin ban-ruwa a fadama, da shi ake fito da kwanduna daga ƙauye a kan babur, da shi ake kai su Duwala. Takin zamani, wanda Kamaru ke shigowa da shi, ya ninka kuɗi a wurare da dama bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Irin tumatir na zamani shi ma daga waje yake zuwa, kuma ba a ajiye shi daga amfanin bana a shuka baɗi.

Sai maganin feshi. Da damina ciwon ganye yana iya ƙone gona cikin mako guda, da rani kuma tsutsa ce, wadda ta saba da magunguna da yawa. Manomin da ya zuba duk abin da ya mallaka a gona ba zai tsaya ƙirga kwanakin da ya kamata a bari tsakanin feshi da tsinka ba. Feshi yake ƙarawa, sau da yawa ba safar hannu ba abin rufe hanci. Wannan lissafi ne da ba ya bayyana a farashin kwando, amma ana biyansa a jikin mai feshi, a ruwan rafi, da kuma cikin tukunyar mai saye.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Ba daga banki ba. A bikin baje kolin noma na Ebolowa a watan Janairun 2011, Shugaba Biya ya yi alkawarin bankin manoma, babbar masana'antar taki da gyaran dokar filaye. Shekara goma sha huɗu bayan nan manomin Nun bai ga ko ɗaya a ƙofar gonarsa ba. Abin da yake da shi shi ne adashi, da kuma ɗan kasuwar da zai ba shi kuɗin iri da taki bisa sharaɗin shi za a sayar wa. Nan ne ake yawan kawo karin maganar kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ɗora wa dillali dukan laifi sauƙaƙa magana ne. Shi ma yakan loda mota a Fumbot da farashin safe, ya isa Sandaga ya tarar motoci goma sun riga shi, ya sayar a ƙasa da yadda ya saya. Bambancinsu da manomi shi ne yana da waya a kunne da mutum a kowace kasuwa, kuma in ya faɗi yau yana iya mayarwa jibi. Manomi sai wata kakar.

Maganar masana'anta

Duk lokacin da tumatir ya zube, magana ɗaya ake komawa: a farfaɗo da SCAN. Wannan ita ce masana'antar tumatirin gwangwani da aka kafa a Fumbot da hannun jarin gwamnati, ta fara aiki a shekarun 1990, ba ta daɗe ba ta tsaya. Gininta ya zama abin nuni ga kowane ɗan takara. Hujjar mai sauƙi ce, kuma tana shiga kunne: ga tumatir na ruɓewa a Nun, ga shaguna cike da gwangwanin da aka cika da markaɗen da ya fito daga Sin da Italiya.

Matsalar ita ce masana'anta ba ta rayuwa da rarar kaka. Tana buƙatar kilo biyar zuwa bakwai na ɗanyen tumatir kafin ta samu kilo ɗaya na markaɗe mai kauri, tana buƙatar iri mai tsoka da ƙarancin ruwa, wanda ba lalle shi ne matan kasuwa ke so ba, kuma tana buƙatarsa kullum na tsawon watanni a kan farashi ƙasa-ƙasa da aka yanke tun kafin shuka. In ba haka ba, ba za ta iya gogayya da markaɗen Sin ba, wanda ake nomawa a manyan gonaki da injuna. To manomin Fumbot kuwa yana da kasuwar ɗanye da a watannin tsada take biyan ninkin abin da masana'anta za ta iya biya. A watan araha zai kawo mata har ta rasa wurin zubawa. A watan tsada ko ya sa hannu a takarda motar Libreville zai loda wa, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsa.

Masu karatu a Najeriya da Ghana sun san wannan labari. Masana'antar Dangote da ke Kadawa a jihar Kano, wadda aka gina domin sarrafa tan 1,200 a rana, ta buɗe a 2016 ta kuma sha rufewa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da za ta iya saye. Ta Pwalugu a arewacin Ghana an farfaɗo da ita ta sake mutuwa, 'yan kasuwar Ghana kuma suka ci gaba da zuwa Burkina Faso sayen ɗanye. Ita Burkina Faso ta buɗe sababbi biyu a ƙarshen 2024, a Bobo-Dioulasso da Yako, kuma jarrabawar da ke gabansu ita ce dai wadda ta kayar da na baya. Ba a ce sarrafa tumatir ba zai yiwu a Nun ba. Zai yiwu in masana'antar tana da gonarta da ban-ruwanta da za su riƙe ta rabin shekara, in kuma gwamnati ta yarda ta tsaya mata a kan harajin shigo da kaya. Shirin rage dogaro da kayan waje na 2024 zuwa 2026 kuwa ya fi mayar da hankali kan shinkafa, masara, alkama, manja, kifi da madara. Wanda ya yi alkawarin tada SCAN ba tare da ya ce uffan kan gona da haraji ba, gini yake sayarwa.

Abubuwan da za su fi saurin taɓa aljihun manomi ba su da kwarjinin yanke ƙyalle. Hanyar ƙauye da mota za ta iya shiga a watan Satumba tana cikinsu, haka rumfa mai inuwa a wurin lodi, da akwatin roba da ake jerawa ba tare da na sama ya matse na ƙasa ba. Rage shingaye tsakanin gadar Nun da Kye-Ossi ba ya buƙatar ko bulo ɗaya. Akwai kuma abin da Hausawa suka daɗe da sani, wato kauɗa: a Kano da Maraɗi da Damagaram rarar tumatir yankawa ake yi a shanya, a ci har damina. Laimar Nun ba za ta bari a yi haka a kowane wata ba, amma daga Disamba zuwa Fabrairu akwai rana da iska, kuma kasuwar busasshen tumatir tana nan a Garwa da Marwa da Njamena.

Gona ta wa?

Ƙarƙashin duk wannan akwai maganar da ake yi da ƙaramar murya. A al'adar Bamun ƙasa tana hannun sarki da hakimansa da manyan gidaje. A dokar 1974, duk filin da ba shi da takardar mallaka yana cikin filayen ƙasa da gwamnati ke kula da su, kuma hanyar samun takarda kai tsaye a buɗe take ne ga wanda ya nuna ana zaune ko ana noma wurin tun kafin Agustan 1974. Tsakanin al'ada da doka akwai jikokin Bamileke da aka kawo shekara casa'in da suka wuce, akwai tsofaffin gonakin Turawa da suka sauya hannu, akwai ma'aikata da 'yan kasuwar birni masu sayen fadama su yi mata takarda, akwai kuma ɗimbin matasa da ke noma a filin haya na kaka ɗaya. Wanda bai san ko baɗi za a sake ba shi gonar ba ba zai zuba takin gargajiya ko ya haƙa rijiya ba. Zai tatsi ƙasar ne iyakar iyawarsa ya bar ta.

Tun daga 2017 an samu ƙarin masu neman wurin. Nun tana iyaka da jihar Arewa maso Yamma, inda ake yaƙi tsakanin sojoji da 'yan awaren yankin masu magana da Ingilishi. A watan Disamban 2018 rikicin ya tsallako har Bangurain, cikin gundumar kanta, inda aka ƙone gidaje. Dubban iyalai daga yankunan Kumbo da Ndop sun gangaro jihar Yamma, kuma da yawansu manoma ne ƙwararru. Zuwansu ya kawo hannun aiki mai araha, wanda masu manyan gonaki suka ji daɗinsa, ya kuma ɗaga kuɗin hayar fili da na ɗaki, wanda talakan gari ya ji a jikinsa. Fulani Mbororo ma sun kaɗo shanunsu daga tsaunukan da suka zama fagen daga. Fadamar da a da garke ke sauka da rani yanzu tumatir ne a cikinta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Dokar 1978 ta ɗora sasanta rikicin manomi da makiyayi a kan kwamitin da sufurefe ke shugabanta, kuma kukan da ɓangarorin biyu ke yi iri ɗaya ne: zaman kwamiti yana cin kuɗi, hukuncinsa kuma ba ya hana a sake dawowa baɗi.

Cewa har yanzu wannan matsi bai zama babbar fitina ba abin a yaba wa mutanen Nun ne, da masarautar da Sarki Nabil Mbombo Njoya ya gada a 2021. Amma haƙuri ba ya maye gurbin yarjejeniyar haya ta shekara uku ko biyar da aka rubuta a gaban shaidu, ko burtalin da aka shata kowa ya san iyakarsa.

Inda Hausawa suka shigo

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a ƙasar Bamun. Fataken goro sun san hanyar tun ƙarni na 19, kuma bayan da Sarki Njoya ya nemi taimakon dawakin Lamiɗon Banyo a shekarun 1890 domin murƙushe tawaye, malamai da 'yan kasuwa daga arewa suka samu wurin zama, Musulunci ya kafu har ya zama addinin mafi yawan Bamun. Zuriyarsu na nan a fawa, cinikin shanu, sufuri da fataucin albasar Marwa da Garwa zuwa kudu. A tsarin da aka bayyana a sama, yawancinsu a tsakiya suke, tsakanin gona da tukunya. Wannan wuri yana da riba, yana kuma da haɗari, domin in farashi ya tashi ɗan tsakiya ake zagi a birni, in ya faɗi shi ake zagi a ƙauye, kuma in ɗan tsakiyar yana da wani harshe ko wata shiga daban zagin yakan sauya kama.

Haka abin yake a ɗaya ƙarshen. A Bitam da Oyem na arewacin Gabon akwai Hausawan da kakanninsu suka zauna tun zamanin mulkin mallaka, 'yan ƙasa ne kamar kowa. Sabuwar dokar sana'o'i ba ta shafe su ba a rubuce. A bakin kasuwa kuwa, inda jami'i ke duba fuska da suna kafin ya duba takarda, wanda ba ya riƙe da shaidar haihuwa da katin ɗan ƙasa shi zai fara shan tambaya.

A siyasance Nun ta daɗe da zama tungar jam'iyyar UDC ta marigayi Adamou Ndam Njoya, wadda Patricia Tomaïno Ndam Njoya, magajiyar garin Fumban kuma mace ɗaya tilo cikin 'yan takarar 2025, ke jagoranta yanzu. Jama'ar yankin da dama na ganin wannan ne ya sa ayyuka ke wuce su. Ko da gaskiya ne ko babu, dokar raba iko ta Disamban 2019 ta tanadi cewa kason da ake ware wa jihohi da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati, kuma magadan gari na kowace jam'iyya suna kukan cewa abin da ke isowa bai kai nan ba. Gyaran hanyoyin ƙauye da kula da kasuwanni suna cikin ayyukan da aka miƙa wa ma'aikatun magajin gari. Zaɓen ƙananan hukumomin da ya kamata a yi a farkon 2025 an ɗage shi, saboda haka kansilolin da aka zaɓa a Fabrairun 2020 su ne suka zarce a kan kujerun da ake karɓar kuɗin kasuwar Fumbot, kuma a teburinsu lissafin yake na nawa ake tarawa a kan kowace motar da ta yi lodi da nawa ke komawa kan hanyar da ta fito da kayan.